Wanda Ya Ga Kusufin Rana Ta Tagar Jirgin Sama, Me Ke Kansa?



Akwai wani bidiyo da ke ta yawo a wayoyi: fasinjoji sun yi cincirindo a jikin tagar jirgin sama, rana ta koma baƙin faifai da farin haske kewaye da ita, ana ta ihu da tafi. Tambayar da aka turo a kai ita ce, in Musulmi ya samu kansa a irin wannan jirgi, kallo kawai zai yi, ko akwai abin da shari'a ta ɗora masa? Wani zai ce wannan ai tambayar masu hali ce, mu da hanyar Kaduna ma sai da addu'a ake shiga. To amma amsarta ta shafi manomin Randagi da makiyayin dajin Kamuku kamar yadda ta shafi mai tikitin jirgi.

Kusufin rana, wanda a gida muke cewa husufi ko zazzaɓin rana, yana faruwa ne idan wata ya gitta tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo a doron ƙasa. Shi ya sa ba ya zuwa sai a ƙarshen watan Musulunci. Rana ta ninka wata a faɗi kusan sau 400, sannan ta ninka shi a nisa kusan sau 400, sai girmansu ya zo ɗaya a idon mai kallo. Subhanallah. Inuwar da ke rufe rana ruf siririya ce, faɗinta yakan kai kilomita 100 zuwa 250 ko sama da haka kaɗan, kuma gudu take fiye da kilomita 1,700 a awa. Jirgin fasinja kuwa bai wuce 900 ba, don haka ba ya iya kamo ta, sai dai ya tare mata hanya. Ribar mai jirgi ita ce yana sama da gajimare.

An sha yin hakan. Ranar 8 ga Maris 2016 kamfanin Alaska Airlines na Amurka ya jinkirta tashin jirginsa daga Anchorage zuwa Honolulu da minti 25 don fasinjoji su haɗu da inuwar a tsakiyar teku. Wanda ya fi ban mamaki ma a saman maƙwabtanmu aka yi shi: ranar 30 ga Yuni 1973 masana suka ɗauki jirgin Concorde mai gudun da ya ninka na sauti sau biyu, suka bi inuwar ta saman Muritaniya da Mali da Nijar, suka zauna a cikin duhun minti 74, suka sauka a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Wanda ke tsaye a ƙasa, komai dacensa, ba ya wuce minti bakwai da rabi.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, inuwar ta shigo ta Gana da Togo da Benin, ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, ta wuce Libiya da Turkiyya. Dab da mu ta bi, kuma duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda hasken gari ya dushe. Ku lura da ranar: Larabar ƙarshe ce ta watan Safar 1427, wadda wasu ke kira Larabgana suna camfa ta. Ga husufi, ga Safar, ga Laraba. Mai neman camfi ya samu kaya.

Manzon Allah (S.A.W) ya riga ya toshe wannan ƙofar. A shekara ta 10 bayan hijira rana ta yi kusufi a Madina ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, mutane suka ce don rasuwar ce. Dubi wannan matsayi: uba yana cikin zafin rashin ɗa, ga magana da za ta ƙara masa girma a idon jama'a, da ya yi shiru shi ke nan. Amma ya tashi ya gyara, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko haihuwarsa ba ta sa su kusufi. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Idan ba a yi husufi don ɗan Annabi ba, ba za a yi shi don wani sarki ko gwamna ba, ba kuma sanarwa ba ce cewa 'yan bindiga na tafe. Mun sha wahala a yankin nan, kuma mai tsoro komai ya gani sai ya fassara shi da abin da yake tsoro. A kiyaye. Haka nan kaɗa gwangwani da tsohon kwano wai don rana ta saki wata, ba shi da asali.

Abin da ya yi umarni da shi shi ne salla da addu'a da kabbara da istigfari da sadaka har gari ya washe. Abu Musa al-Ash'ari ya ba da labarin yadda ya miƙe a firgice ya nufi masallaci. Sanin lissafi bai kore wannan tsoron ba. Suratur Rahman ta nuna cewa rana da wata da lissafi suke tafiya, kuma wanda ya san lokacin da damina ke faɗuwa bai daina jin tsoron tsawa ba.

Yanzu ga gaɓar da ta fi muhimmanci. Umarnin an rataye shi ne a kan gani. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya ya yi bayani cewa kusufi yana da lokutan da masu lissafi ke iya sani, kuma ba laifi mutum ya yi shiri da labarinsu, amma ba a tayar da salla sai an gan shi. Haka Shaikh Bin Baz ya yi fatawa. Saboda haka mutum biyu za su iya kasancewa a wuri ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, hukuncinsu ya bambanta. Na cikin jirgi ya gani, salla ta zama sunna a kansa. Na ƙasa hadari ya lulluɓe shi tun farko har ƙarshe, babu komai a kansa, ko da rediyo ta sanar, ko da yana kallo kai tsaye a Facebook.

Ba maganar nesa ba ce wannan. Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027, in Allah Ya kai mu, cikakken kusufi zai ratsa Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, ya bi ta kan Jidda da Makka, inda rana za ta ɓace kusan minti biyar. A nan Arewa ɗan gefenta kawai zai ciwu, da hantsi, kuma Agusta ce, tsakiyar marka. Mai yiwuwa ɗan Birnin Gwari da ke kan hanyar Umra ya gan shi tar ta taga, iyalinsa a gida ba su ga komai ba sai gajimare.

To yaya zai yi a kujera? Sallar raka'a biyu ce, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, ba kiran salla ba iƙama. Sunna ce mai ƙarfi, ba farilla ba, kuma ya tabbata Annabi (S.A.W) yana nafila a kan raƙumarsa duk inda ta fuskanta. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne ya yi ta a zaune da nuni: ya karanta Fatiha da sura, ya sunkuya, ya ɗago ya sake karatu, ya sake sunkuyawa, sannan sujada, yana ƙara ƙasa da kai fiye da na ruku'u. Kada ya tare hanya, kada ya yi jayayya da ma'aikatan jirgi in sun ce a ɗaura bel. Malamanmu na Malikiyya ma sun sauƙaƙa wa matafiyin da tafiya ta matsa masa. Wanda ba shi da alwala ga zikiri da addu'a, in ya sauka ya yi sadaka. Ba a rama ta bayan rana ta fito.

Akwai saɓani a kan lokaci. Mashhurin mazhabar Malik ya tsayar da ita daga hantsi zuwa zawali, da karatu a ɓoye. Shafi'iyya sun ce duk sa'ar da aka gani. A Makka duhun zai sauka ne bayan ƙarfe ɗaya na rana, an riga an yi azahar. In ka samu kanka a Harami liman ya tayar, bi shi kawai, ba wurin muhawara ba ne.

Kallon fa? Ba haramun ba ne, tunani a kan halittar Allah ibada ce. Duhun 'yan mintoci ne, amma daga fara cin rana zuwa washewarta yakan haura awa biyu, lokaci ya ishi salla ya ishi kallo. Abin da ban so ba a bidiyon nan shi ne ihu ya cinye lokacin duka.

Mutanenmu na Dogon Dawa da Kuyello da Damari, da duk wanda taruwa a masallaci ke masa wuya saboda halin tsaro, jam'i ya fi, amma ba sharaɗi ba ne. Mutum zai iya yin ta shi kaɗai a gona ko a ruga, mata su yi a ɗakunansu.

Sai a kula da ido, musamman na yara. Kallon rana kai tsaye yana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba. Gilashin tagar jirgi ba ya karewa, baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, leƙa ta a cikin ruwan ƙwarya ma ba shi da tabbas. Sai tabarau na musamman da aka yi don kusufi. Wanda ba shi da shi ya juya wa rana baya, ya ɗaga rariya ko matankaɗi mai manyan huji ya dubi inuwarsa a ƙasa, ko ya tsaya gindin bishiya mai ganye: zai ga ɗigon hasken da ke ƙasa duk sun koma siffar jinjirin wata.

Wallahu a'alam.