Darasin Mako: Jinyar Yaro a Gida



Ba mu manta da 10 ga Satumba 2024 ba, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Da yawanmu a sansani ko a gidan 'yan'uwa muka yi jinyar 'ya'yanmu, ga kwalara ta biyo baya. Ko a yau ma, ba kowane yaro ake ba gado ba. Likita kan duba shi, ya ba da magani, ya ce a je gida. To, yaushe jinyar gida take da aminci, yaushe kuma take zama ganganci?

Na farko, sai ma'aikacin lafiya ya duba yaron tukuna. Mu daina zuwa kemis muna cewa "a haɗa mini na zazzaɓi". A yi gwajin jini. In maleriya ce, maganin na kwana 3 ne, safe da yamma, kuma a ƙarasa shi ko da yaron ya tashi yana wasa. Rage saura don ƙaninsa shi ke dawo da ciwon.

Na biyu, gudawa. Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki. A zuba ƙullin ORS na lita ɗaya a cikin ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 a zubar. A haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Kada uwa ta daina ba da nono.

Na uku, tamowa. Yaron da ke iya cin abinci, ba shi da wani ciwon a kai, ana jinyarsa a gida da abincin gyaɗar nan na leda, ana mai da shi awo ranar da aka sa. Wannan magani ne na yaro ɗaya, ba a raba wa 'yan'uwansa. Mu 'yan kasuwa kuma, don Allah kada mu saya, kada mu sayar. Duk ledar da ta hau tebur, daga bakin wani yaro aka cire ta.

Ga alamun da in an ga ko ɗaya, jinyar gida ta ƙare, sai asibiti ko da tsakar dare ne:

1. Ya kasa kama nono ko shan ruwa.
2. Yana aman duk abin da aka ba shi.
3. Jijjiga. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai.
4. Ya yi laushi, ba ya farkawa sosai.
5. Ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko numfashi ya kai 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa shekara, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5.
6. Jini a bayan gida, ko kumburin ƙafa biyu.
7. Zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata 2 ba.

Saura mu magidanta. Sau nawa uwa ta zauna da yaro a cinya tana jiran maigida ya rufe shago, ko ya dawo daga fatauci, kafin ta sami izinin fita? Tun yau mu ba da izinin nan gaba ɗaya, mu ajiye kuɗin keke Napep a gida, mu bar lambar maƙwabcin da za a kira. Ciniki in ya wuce, gobe ma kasuwa ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuri'a. Amin.