Darasi: Laifuffuka da Tsaro a Unguwar Mayfair ta Birnin Landan

Mayfair wata 'yar ƙaramar unguwa ce a tsakiyar birnin Landan, a cikin gundumar Westminster. Tituna huɗu ne suka yi mata iyaka: Oxford Street a arewa, Regent Street a gabas, Piccadilly a kudu, Park Lane kuma a yamma. Mai tafiya da ƙafa yana iya ratsa ta cikin minti ashirin. Mazaunanta ba su wuce kimanin 5,000 ba, amma gidajenta suna daga cikin mafiya tsada a duniya. Ga manyan otal-otal, ga ofisoshin jakadanci, ga kantunan gwal da lu'ulu'u na Bond Street. Sunanta ya samo asali daga wata kasuwa da ake ci a wurin kowane watan Mayu tun daga 1686, wadda aka hana a 1764 saboda hayaniya da tashin hankali, abin da manyan mutanen da suka tare a wurin suka ƙi lamunta.

Wanda ya duba alƙaluman 'yan sanda zai yi mamaki. Mazaɓar West End, wadda Mayfair take ciki, ta daɗe tana kan gaba a Landan wajen yawan laifuffukan da aka rubuta. Sai mai karatu ya ce, ashe masu kuɗin nan a bakin mutuwa suke kwana? Ba haka ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda ake yin lissafin.

A al'ada, ana ɗaukar yawan laifuffukan shekara, a raba da yawan mazauna wurin, a fitar da adadin laifi ga kowane mutum 1,000. A ɗauka, don misali kawai, unguwanni biyu ne, kowace tana da mutum 5,000. A ta farko an yi sata 250, watau 50 ke nan ga mutum 1,000. A ta biyu an yi 2,500, watau 500 ga mutum 1,000. A takarda, ta biyu ta ninka ta farko sau goma. To amma idan ta farko ba mai shigarta sai mazaunanta, ta biyu kuwa kullum dubun dubatar baƙi ne ke kai da komowa a cikinta, lissafin ya ɗora wa mutum 5,000 nauyin abin da ya sami taron da ba a ƙidaya ba. Halin Mayfair ke nan. Yawancin waɗanda ake yi wa sata a can ba a can suke kwana ba: 'yan yawon buɗe ido ne, da masu sayayya, da ma'aikatan kantuna da ofisoshi. Ƙari a kan haka, an haɗa ta mazaɓa ɗaya da Soho, unguwar mashaya da gidajen rawa, inda rigima ba ta ƙarewa sai asuba.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da kalmomi, domin Hausa ba ta zuba laifuffukan dukiya a kwando ɗaya. Sata ita ce ɗaukar kayan wani a ɓoye. Sane shi ne zare kuɗi ko waya daga aljihun mutum cikin cunkoso, mai yinsa kuma ɗan sane. Ƙwace shi ne fizge abu daga hannun mai shi yana ji yana gani. Fashi kuwa sai da makami ko barazana. Abin da ya cika littattafan 'yan sanda a West End shi ne sane da ƙwace da satar kaya a kantuna. A 2024 an sace wayoyin hannu kimanin 80,000 a Landan, kuma Westminster ce ta fi kowace gunduma. Matasa ne a kan keke mai lantarki, fuska a rufe, su fizge waya a hannun mai magana, kafin ya juyo sun sha kwana. Agogo masu tsada ma sun zama abin farauta, har ta kai 'yan sanda sun sa jami'ansu cikin farin kaya, ɗaure da irin waɗannan agogo, suna yawo da dare don ɓarayi su faɗa tarko.

Fashi babba ba kullum ake yinsa ba, amma shi ne jaridu ba sa mantawa. A watan Agusta na 2009 wasu mutum biyu sanye da kwat, waɗanda aka sauya musu kamanni da kwalliya, suka shiga kantin lu'ulu'u na Graff a New Bond Street, suka zaro bindigogi, suka fita da kaya 43 na kusan fam miliyan 40. Wayar da suka manta a mota ce ta tona musu asiri.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa nunawa. 'Yan sanda ba sa rubuta laifi sai an kai musu ƙara ko sun gano shi da kansu. Mai agogon fam 20,000 zai kai ƙara, ko don kamfanin inshora ya biya shi. Talakan da aka sace wa tsohon keke sau da yawa sai ya haƙura. Saboda wannan giɓi ne tun 1982 hukuma take bin gidaje a Ingila da Wales tana tambayar mutane abin da ya same su, ko sun kai ƙara ko ba su kai ba.

Masu dukiya kuwa ba su taɓa dogara da 'yan sanda kaɗai ba. Rumfar kantunan Burlington Arcade, wadda aka buɗe a 1819, tana da masu gadinta na kanta masu doguwar hula, tun shekara goma kafin a kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829. A yau abin ya koma kyamarori, da ƙofofin ƙarfe, da kamfanonin gadi masu sintiri a titi ga wanda ya biya. A ganina, a nan ne rauninta yake. Gidaje da dama mallakar attajiran ƙasashen waje ne, ba sa zama cikinsu sai 'yan makonni a shekara. Titi ya yi tsit, tagogi ba fitila, maƙwabci bai san maƙwabci ba, balle ya gane baƙuwar fuska. Kyamara tana nuna ɓarawo bayan ya tafi, amma ba ta iya leƙowa ta ce masa, "Malam, wa kake nema?"

Tambayoyi

1. Me ya sa raba yawan laifuffuka da yawan mazauna yake ruɗar mai karatu game da Mayfair?
2. Bambanta sane da ƙwace da fashi, ka sa kowace kalma a cikin jimla.
3. A unguwar da kake zaune, wane laifi ne mutane ba sa kai wa 'yan sanda, kuma don me?