Jinya a Garwa: Darasin Tawakkali Daga Ɗan Ajinmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, da malam ya ce kowane aji ya zaɓi abin da zai rubuta a ɗan littafin bana, mu 'yan aji biyar ba mu yi doguwar gardama ba. Akwai wuri ɗaya a tabarmarmu da ya yi kusan wata biyu babu kowa, mai wurin yana Garwa yana jinyar mahaifinsa. Da ya dawo ya ba mu labari, muka kai wa malam, malam ya yi mana darasi a kai. Ya yarda mu rubuta, amma ya ce kada a kama sunansa. Tambayar da muka ɗauka ita ce: mutumin da ciwo ya raba shi da gida, ta ina kulawar Allah take zo masa?

Yadda abin ya faru

Mahaifinsa ya faɗi ne a kan babur yana dawowa daga Koza, ƙashin cinyarsa ya karye. Aka duba shi a nan Mokolo, aka tura su Marwa, tafiyar kusan kilomita 80. A can aka ce aikin sai Garwa, wasu kilomita sama da 200. Aka sayar da awaki biyu da buhunan dawa, aka kama hanya. Mahaifiyarsa tana da goyo, don haka shi ne ya zama mai jinya, wanda a asibiti ake ce wa "gardi malad". Duk wanda ya taɓa yi ya san aikin: kai ne mai sayo magani in an rubuta takarda, kai ne mai wanki, kai ne mai neman abinci, kuma a ƙasa kake kwana kusa da gado.

Ya ce mana: "Wallahi daren farko ban runtsa ba. Ga zafin Garwa, mu da muka saba da iskar duwatsu, ga shi ban san kowa ba. Na ji kamar Allah ma a Mokolo muka baro Shi, astagfirullah."

Malam bai tsawata masa ba. Ya ce kewar gida a cikin ciwo har sahabbai ta taɓa. Imamu Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa da aka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, har Bilal ya riƙa ambaton kwaruruka da duwatsun Makka saboda bege. Da labari ya je wa Annabi (SAW), addu'a ya yi, ya roƙi Allah Ya sa musu son Madina kamar Makka ko fiye, Ya kuma kawar da zazzaɓinta zuwa Juhfa. Ashe jin kewa ba raunin imani ba ne.

Na ɗaya: neman magani yana cikin tawakkali

Wasu maƙwabta sun ce a bar mutumin a gida, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne ba makawa, amma Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar mata da magani, kuma mutumin da ya tambaye shi a kan raƙumarsa, cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. A Suratush Shu'ara, aya ta 80, Annabi Ibrahim (AS) ya jingina warkarwa ga Ubangijinsa kaɗai. To, likita sababi ne, mota sababi ce, Mai warkarwa ɗaya ne.

Malam ya tuna mana da Nana Hajara. Sau bakwai ta yi safa da marwa tana neman ruwa, amma ruwan bai fito a kan ɗayan duwatsun ba, a wurin da ta ajiye jaririnta ya ɓuɓɓugo. Kai dai ka yi naka gudun, Allah Ya san inda zai ɓullo maka.

Na biyu: kulawar Allah ta hannun mutane

Haka kuwa aka yi. Ana gobe aiki likita ya ce sai an samo jini. Ɗan ajinmu shekararsa goma sha huɗu, ba a ɗibar jinin yaro. Yana zaune a bakin ƙofa yana hawaye, sai wani saurayi da ke jinyar kawunsa a gadon kusa ya tambaye shi da Fulatanci daga ina suke. Da ya ji Mokolo sai ya yi dariya, ashe shi ma ɗan Mafa ne daga wajenmu, Kirista. Aka gwada, jininsu ya dace, ya bayar, ko ruwan sanyi bai yarda an saya masa ba.

Bayan mako uku kuɗi suka ƙare. Wata dattijuwa mai sayar da kunu a ƙofar asibiti ta lura yaron ya daina zuwa. Ta aika aka kira shi, ta ce: "Ɗana, me ya hana ka zuwa?" Ya ce: "Inna, babu ne." Ta ce: "Babun ce za ta sha magani da yunwa? Kawo kwanon." Tun daga ranar kullum sai ta cika masa. Ita ce kuma ta gaya wa limamin unguwa, aka yi musu taimako bayan sallar Juma'a. Mahaifinsa ya so ya ƙi saboda kunya, liman ya ce masa ai haƙƙinsa ne, domin matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba, aya ta 60, ta ce a ba su zakka, ko da a garinsu yana da abin hannunsa.

Na uku: sauƙin da shari'a ta yi

Wannan shi ya fi ba mu sha'awa. Bayan aiki mahaifin ya kwana biyu bai yi salla ba, yana cewa ba shi da tsarki, ba ya iya tashi. Sai ɗan ya tuna da babin taimama da muka karanta a Ahalari. Ya fita ya samo dutse mai tsabta, ya ce: "Baba, ga alwalarka." Ya nuna masa: a yi niyya bayan lokaci ya shiga, a buga hannu a dutsen, a shafi fuska, a sake bugawa a shafi hannuwa, a yi salla nan take, kuma kowace farilla da nata taimama. Wanda bai iya tsayuwa ya zauna, wanda bai iya zama ya kwanta a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, ya yi nuni. Dattijon ya yi salla, ya rama na baya, ya ce: "Ashe kuɗin Laraba bai faɗi a banza ba."

Malam ya ƙara mana da hadisin Abu Musal Ash'ari (RA): bawa in ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya yana gida. Kun ga mai jinya a nesa ya haɗa duka biyun.

Tambaya mai nauyi

Wata 'yar ajinmu ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, to wanda ya je bai dawo ba fa?" Domin a ɗakin nan akwai wani tsoho daga Gidar, carbi ba ya barin hannunsa, amma a can ya cika. Shi ma mahaifin ɗan ajinmu da sanda ya dawo, har yanzu bai iya hawa gonarsa ta kan dutse.

Malam ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce Allah bai yi wa kowa alkawarin warkewa ba, ajali kuma in ya zo ba ya jira. Amma Annabi (SAW) ya ba da labari cewa gajiya, da ciwo, da damuwa, har ƙayar da ta soki Musulmi, ana kankare masa zunubi da su. Tsohon nan kuma da ya rasu a garin da ba a san shi ba, mutanen masallaci ne suka yi masa wanka, suka suturta shi, suka yi sahu a kansa. Malam ya ce: "In ba kulawar Allah ba, wa ya tara masa su?"

Abin da ya rage a kanmu

Mu muna ganin Garwa da Yawunde su ne nesa. Amma ga wanda aka sauko da shi daga Turu ko Mogode, Mokolo ita ce baƙon gari. Ga kuma 'yan'uwanmu na sansanin Minawawo, da aka buɗe a 2013 saboda waɗanda rikici ya koro daga Najeriya. Su kam ko lafiyarsu ƙalau a nesa da gida suke. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawan da bai gai da mara lafiya ba, Ya sanar da shi cewa da ya je, da ya sami Ubangijinsa a wurin.

Don haka mu 'yan aji biyar mun yanke shawara, malam kuma ya sa albarka: kowace Alhamis mutum huɗu za su je gai da marasa lafiya tare da wani babba, su riƙa kunu, su tambayi wanda ba shi da mai jinya. Kowa kuma zai sa ɗan dutsen taimama a aljihu. Muna roƙon iyayenmu maza da suka isa bayar da jini kada su ji tsoro in an nema.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na nesa. Ya jiƙan tsohon Gidar, Ya saka wa mai kunu da saurayin nan da alheri. Abin da muka yi daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gyara mana.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗaliban aji biyar