Kafin ka sa hannu a takardar mawallafi

Duk mai niyyar fitar da littafinsa da kansa, ya dubi yadda Hugh Howey, Ba'amurken da ya rubuta Wool, ya bi da lamarinsa. A 2011 ya ɗora wani gajeren labari a Amazon: ragowar mutanen duniya suna zaune cikin ƙaton rumbu a ƙarƙashin ƙasa, domin iskar waje ta zama guba. Masu karatu suka nemi ci gaba, ya riƙa ba su kashi-kashi.

Ka lura da mafarin labarin. Bai tsaya bayanin injuna ba. Wani shugaban 'yan sanda ne ke hawa matakala, yana shirin neman a fitar da shi waje, inda mutuwa ke jiransa. Dole mai karatu ya tambaya, me ya kai shi? Labarin kimiyya ma da mutum ake buɗe shi, na'ura ta biyo baya.

Amma inda ya fi burge ni shi ne ciniki. Da manyan kamfanoni suka zo a 2012, ya ba Simon & Schuster haƙƙin bugu na takarda kaɗai, ya riƙe na intanet a hannunsa. A 2023 kuma labarin ya zama shirin Silo na Apple TV+.

Don haka, ɗan'uwa, takarda daban, intanet daban, fim daban, fassara daban. Kowanne ka rubuta farashinsa da wa'adinsa, kuma ka nemi lauya ya karanta maka kafin ka sa hannu.