Ku San Tsokokin da Ke Riƙe da Gadon Bayanku

Jama'a, ciwon baya ya zama ruwan dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso. A wurinmu kuwa, da zarar baya ya riƙe sai a ce basir ne, a tafi neman jiƙo. To, kafin a sha komai, ya kamata mutum ya san abin da ke cikin bayansa.

Ƙashin baya ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere: 7 a wuya, 12 inda haƙarƙari suka kama, 5 a kwankwaso, sauran kuma suna can ƙasa, yawancinsu a haɗe. Irin wannan jeri ba ya tsayuwa da kansa. Masu tsai da shi su ne tsokokin da ke kwance can ciki, ƙarƙashin manyan nan masu motsa kafaɗa da hannu.

In ana gyaran ragon layya, ku dubi dogon naman da ke bin ƙashin baya dama da hagu, mai sulɓi, marar ƙashi. Mutum ma yana da irinsa. Kashi uku ne a kowane gefe: ɗaya ya taso daga ƙugu ya bi haƙarƙari, na tsakiya ya haura har bayan kunne, na ukun ya manne wa ƙashin bayan. In ɓangarorin biyu suka ja tare sai ka miƙe, in ɗaya ne ya ja sai ka karkata. Ƙarƙashinsu akwai wasu gajeru, babban cikinsu likitoci na ce masa maltifidus. Kowane zarensa yana tsallake ƙasusuwa biyu zuwa huɗu, ya fi kauri a kwankwaso, aikinsa kuwa daidaita gaɓoɓin don kada su goce.

Ga inda ake son a kasa kunne. A shekarun 1950 wasu masana a Ingila, Floyd da Silver, suka nuna cewa in mutum ya sunkuya har ƙarshe, dogayen tsokokin nan kan daina aiki, su bar wa jijiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi nauyin. Ke nan mai noma da gajeriyar fartanya, da mai shara a duƙe, da ɗan dakon da zai cicciɓi buhun masara ƙafafunsa a miƙe, duk sukan shiga wannan hali ba su sani ba. Saboda haka in za ka ɗauki kaya mai nauyi, ka tsuguna, ka jawo shi jikinka, ka tashi da ƙarfin cinyoyi. Kada ka murɗa jiki da kaya a hannu. In ya fi ƙarfinka ka kira wani, ba abin kunya ba ne.

In ciwon ya zo, kada a lafe a gado kwana da kwanaki. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1996 ya nuna maltifidus kan rame bayan ciwo, kuma ba ya komawa daidai da kansa ko da zafin ya lafa, sai an motsa shi. Tafiya a hankali da ƙananan ayyuka sun fi kwanciya amfani.

Amma in ƙafa ta mutu, ko fitsari ya riƙa kuɓucewa, ko akwai zazzaɓi da rama, wannan ya wuce batun tsoka. Ƙwayar tarin fuka ma takan kama ƙashin baya. A garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.