Amsoshin Tambayoyinku: Rediyogiram ɗin Baba, Dukiya ne ko Tarkace?

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wani tsohon rediyogiram ƙirar Grundig, mai dogon akwatin katako da wurin sa faifai a sama. Rabon da a kunna shi tun ina firamare. Da na leƙa bayansa sai na ga wasu kwalabe a tsaitsaye. Ɗan gwangwan ya taya, amma wani abokina ya ce kada in kuskura, wai a Turai da Japan rububin irin waɗannan kaya ake yi, su da tsofaffin sifiku. Gaskiya ne? Me suke nema a ciki? Kuma ko in jona shi a wuta in gwada? Daga wani mai karatu a Tudun Jukun, Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai gaggawa. Kada ka jona shi tukuna, Malam.

Kwalaben da ka gani su ne masu gyara ke kira bawul, kuma ba sa aiki sai da wuta mai ƙarfi. Taransifomar da ke ciki tana ɗaga wutar gida zuwa bolt 250 ko 300, a manyan amfilifaya ma har 500, kuma akwai kwandansa masu riƙe wannan wuta ko bayan an zare soket. Kwandansar da ta shekara talatin ba ta ga wuta ba, ruwan cikinta ya bushe. Masu naɗin takarda kuwa sun sha danshin damina, sun fara yoyon wuta. Ana jonawa sai ɗaya ta buga, ta tafi da taransifoma, alhali ita ce abin da ya fi komai wuyar samu a cikin akwatin. Ban da wannan, akwai ƙurar hunturu, da ɓera da ya ci waya, da gidan zanzaro da za ka iya tararwa manne a tsakanin ƙafafun bawul.

Dattawan masu gyaran rediyo suna da wata dabara da ya kamata ka nemi a yi maka. Sukan jera ƙwan fitila mai zare, irin na da, mai wat 60, a kan layin wutar da za ta shiga na'urar. In ƙwan ya yi haske sa'annan ya dushe ya koma ja-ja, to da sauƙi. In ya tsaya da haskensa fes, akwai inda wuta ta haɗe, ƙwan ya tare ɓarnar, sai a kashe a bincika. Kafin nan a duba bayan akwatin. Kayan Jamus na wancan zamani galibi suna da wani ɗan maɓalli na zaɓen ƙarfin wuta, daga 110 zuwa 240, kuma a nan ƙasar 220 ko 240 ya kamata ya nuna. Ka nemi tsohon hannu a Sabon Gari ko Tudun Wada, wanda ya koyi sana'ar tun kafin zamanin talabijin bango. Yaro mai gyaran waya, komai ƙwarewarsa, wannan ba fagensa ba ne.

Yanzu ga maganar abokinka. Yana da gaskiya, amma ba duka ba.

John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara masa waya ta uku a Amurka a 1906, wadda daga baya ta ba shi ikon ƙara ƙarfin sauti. Shi ya riƙe rediyo da silima da tarho har aka gano taransisto a 1947. Taransisto ƙarami ne, ba ya zafi, yana aiki da batir, shi ya sa rediyon hannu ya shiga kowace ruga da kowane ƙauye a ƙasar Hausa. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 bawul ya fara ɓacewa daga kantuna. Sai dai gab da faɗuwarsa ne aka ƙera mafi kyawun na'urorinsa, kuma su ne ake farauta yau: Quad II ta Ingila a 1953, Leak Stereo 20 a 1958, Dynaco ST-70 ta Amurka a 1959, McIntosh MC275 a 1961. A Japan akwai gidajen shan shayi da kofi da mutane ke zuwa musamman don su zauna shiru su saurari faifai ta irin waɗannan kaya, kuma 'yan Japan da Koriya ta Kudu sun kwashe da yawa daga tsofaffin na'urorin gidajen silima na kamfanin Western Electric.

Me kunnensu ke ji? In aka ɗora su a kan ma'auni, amfilifayar zamani mai kyau ta fi bawul fitar da sauti yadda aka naɗe shi. Wannan ba abin musu ba ne, ko da yake masoya bawul ba sa son jinsa. Abin da bawul ke yi shi ne ɗan ƙari. Kan kowane amo yakan ɗora wani siriri mai ninkinsa biyu, kuma wannan ƙarin yana tafiya da na asali yadda 'yan amshi ke bin Shata, yana cika muryar ba tare da ya ture ta ba. Sa'annan in an ƙure ƙara, bawul yakan lanƙwashe sautin a hankali, taransisto kuwa yanke shi yake yi, kunne ya ji ƙaiƙayi. Saboda haka muryar mutum da kukuma da kalangu sukan fito da taushi da kauri. Wanda ya tashi yana jin labarai daga Kaduna ta irin wannan akwati, bayan buɗe gidan rediyon a 1962, ko Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, in ya ce muryoyin da sun fi cika, ba tsufa kawai ke magana ba. Amma tsufan ma yana da hannu, domin rabin kuɗin da ake zubawa a wannan harka na begen ƙuruciya ne.

Batun sifiku ya fi ban sha'awa a wurina. Tsarin da muke amfani da shi har gobe, wato naɗin waya a cikin maganaɗisu yana girgiza takarda, injiniyoyi biyu na General Electric ne, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana shi a 1925. Da yake amfilifayar wancan lokaci ba ta da ƙarfi (Quad II wat 15 ce kacal), dole aka riƙa ƙera sifikun da wuta kaɗan ke motsa su: takarda marar nauyi, babban akwati, wani lokaci da ƙaho irin na lasifikar masallaci. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 kuma har yanzu ake yin ta, da wat ɗaya tana fitar da ƙarar da ƙaramar sifikar zamani sai ta sha kusan wat 60 kafin ta kai. Ka ga ke nan lambobin da ake mannawa a jikin kayan kasuwa, wat dubu kaza, ba su ne ma'aunin ƙara ba, balle na daɗi.

Akwai kuma maganaɗisun. Tsofaffin sifiku irin su Tannoy da Altec da JBL suna ɗauke da wani haɗin ƙarfe da ake kira alniko, mai sinadarin kobalt a ciki, kuma Zayar, wato Kwango ta yau, ita ce babbar mai haƙo shi. Da yaƙi ya ci garin Kolwezi a 1978, farashin kobalt ya yi tashin gwauron zabi, kamfanoni irin su JBL suka koma wa baƙin maganaɗisu mai araha. Shi ya sa masu tara kaya ke fara leƙa bayan sifika kafin gabanta. Ko alniko ya fi daɗin sauti, ana ta gardama. Cewa ya fi tsada kuwa, babu gardama.

To ina naka ya faɗa? Kada ka sa rai da kuɗin gida ko na mota. Grundig ta ƙera irin waɗannan akwatuna da yawan gaske, kuma a Zariya ma ba baƙi ba ne, domin gari ne na ma'aikatan reluwe da na kamfanin Gaskiya da ke maƙwabtaka da ku, da malaman jami'a bayan 1962, masu albashin da ke iya sayen kayan falo. Nauyinsa da girmansa sun sa kuɗin aika shi waje zai iya cinye ribar. Masu saye sun fi neman amfilifaya mai zaman kanta da manyan sifiku masu suna. Duk da haka, ɗan gwangwan kilo yake aunawa, wayar tagullar taransifoma yake so, sauran ya fasa ya watsar. Bawul ɗin kaɗai, in na asali ne masu tambarin Telefunken ko Valvo ko Mullard kuma suna da rai, za su iya fin abin da ya taya akwatin gaba ɗaya. Sababbi sai daga masana'antu ƙalilan a Rasha da Sulobakiya da Sin da Amurka, har aka yi ƙarancinsu a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke. Ka duba kan kowace kwalba: tabo mai sheƙi kamar madubi alama ce iska ba ta shiga ba, in ya koma fari kamar alli, ta mutu. Kada ka goge su da jiƙaƙƙen tsumma, rubutun jikinsu fita yake yi, kuma da shi ake gane su.

Wani abin da ba ka tambaya ba: kayan gado ne. In ba a raba ba, sauran magada suna da haƙƙi a ciki, har mata da ƙananan yara. A sa wanda ya san kan abin ya yi masa kuɗi, kowa ya sani, sa'annan in kana so ka ɗauke shi a cikin rabonka.

In da ni ne, gyara shi zan yi in ajiye. A canza kwandansa, a bar bawul da taransifoma yadda suke, a sa masa sitabilaiza, a raba bayansa da bango saboda zafi. Kada a taɓa kunna shi an cire wayar sifika, domin hakan na ƙona taransifomar sauti. Takardar sifikar in ta ɗan tsage, ana liƙe ta da siririyar takarda da gam mai laushi, ba a jefarwa. Wurin faifan zai buƙaci sabon mai da sabuwar tayar roba, kuma allurar faifai mai gudun 78 daban take da ta 33 da 45, in ka haɗa su za ka cinye faifan Baba. In FM ɗinsa ya tsaya a 100 ko 104, kamar yadda da yawa na lokacin suke, wasu tashoshin yau za su wuce shi. Amma a bayansa za ka ga wata kafa mai zagaye da aka tanada don rikoda, kuma mai gyara zai iya haɗa maka waya daga nan zuwa wayarka ta hannu, ka saurari Ɗanƙwairo ko karatun Alƙur'ani ta cikinsa. Da ka murɗa makunni, ka ba shi kamar rabin minti bawul su yi zafi kafin ka ce bai tashi ba.