Cinikin Biri a Sama: Laifin Wa?

Karatu: Littafin Firistoci 19:11-14, Farawa 20:1-13, Karin Magana 20:14

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka shiga kasuwar Nima ranar Laraba don sayen masara, idonka yana tare da kai. Kana iya juya olonka ka duba ko an doke gindinta ya shige ciki, ka zura hannu cikin buhu ka ji ko ta ƙasa daidai take da ta sama. Amma yau ciniki mai yawa a Nima da Mamobi ya koma cikin waya. Mutum ya ga hoton firji ko waya a Jiji ko Facebook ko WhatsApp, ya tura kuɗi ta MoMo, mai babur ya kawo masa kwali. Ya buɗe, ya tarar da abin da bai zata ba. Mai saye ya ce an cuce shi. Mai sayarwa ya ce, “Ai na rubuta, kai ne ba ka karanta ba.”

Irin wannan ya faru a Ingila a ƙarshen 2013. Wani saurayi a birnin Nottingham ya biya fam 450 a eBay, wurin gwanjo na intanet, don ya sayi na'urar wasa ta Xbox One. Abin da ya iso masa hoton na'urar ne a kan takarda. Cikin tallan kuwa kalmar “hoto” tana nan. Mutane da yawa suka yi masa dariya, suka ce wautarsa ce. Daga baya aka mayar masa da kuɗinsa. To, a gaban Allah fa? Mai tallan nan ya yi ƙarya, ko bai yi ba?

Ka duba Ibrahim a Gerar. Ya gaya wa sarki Abimelek cewa Saratu 'yar'uwarsa ce. Da asiri ya tonu, ya kāre kansa a aya ta 12, ya nuna lalle ubansu ɗaya, uwa ce dabam. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a bakinsa. Amma ya zaɓi rabin gaskiyar da za ta sa sarki ya gaskata abin da ba haka yake ba, ya ɓoye rabin da zai tsare shi, wato cewa matarsa ce. Saura kaɗan gidan Abimelek duka ya hallaka. Ka lura, sarkin da ba ya cikin alkawari shi ne ya tsawata wa annabin Allah a ranar nan. Abin kunya ne idan maƙwabcinka a zango, wanda ba ya zuwa sujada tare da kai, ya zama shi ne zai koya maka wannan.

Ƙarya ba a baki kaɗai take zama ba. Tana zama cikin hoton da aka ɗauka ta gefen da gilashi bai tsage ba. Tana zama cikin hoton sabon kaya da aka kwaso daga wani wuri aka manna a kan tsoho. Tana zama cikin “ɗan ƙaramin gyara” da aka rubuta can ƙasa, bayan mai shi ya san batirin ba ya kai awa ɗaya. Ka tambayi kanka: me nake so mutumin nan ya ɗauka idan ya ga tallana? Idan cinikinka ba zai yiwu ba sai in ya yi kuskuren fahimta, to kuskurensa ne kake sayarwa.

Littafin Firistoci 19:14 ya hana a ajiye wa makaho abin da zai yi tuntuɓe da shi, ya kuma haɗa wannan da tsoron Allah. Don me? Domin makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba, Allah ne kaɗai shaida. Wanda yake sayen kaya ta waya makaho ne game da kayan nan. Ba ya iya taɓawa, ba ya iya kunnawa. Idonka ya ara. Saboda haka nauyin da ya fi girma yana wuyan mai sayarwa, gama shi ne ya san abin da ke cikin kwali. Ko dokar Ghana ta sayar da kaya, ta shekarar 1962, haka ta tsaya: dole kaya su dace da yadda aka kwatanta su, kuma aibin da ba a faɗa wa mai saye ba yana kan mai sayarwa, sai dai in mai saye ya duba kayan, aibin kuwa irin wanda dubawa za ta nuna ne.

Wannan bai wanke mai saye sarai ba. Karin Magana 14:15 ta kira mai gaskata kowace magana marar wayo. Jiji da kanta tana gargaɗi kada a biya kuɗi kafin a ga kaya, a kuma haɗu a wurin da jama'a suke. Amma rashin wayo dabam, kwaɗayi dabam. Idan ka ga wayar da ake sayarwa sidi dubu biyar a shagunan Circle an sa mata dubu ɗaya, zuciyarka ta raɗa maka wataƙila ta sata ce, ka kuwa yi sauri ka tura kuɗi kada wani ya riga ka, ai kai ma ka fito cin wani ne, aka ci ka. Karin Magana 20:14 ta san irin wannan mai saye, wanda yake kushe kaya a gaban mai shi, ya tafi yana fariya ya sami banza. Kana da abin da za ka tuba a kai. Duk da haka zunubinka bai rage nasa ba ko kaɗan, kamar yadda barin ƙofa a buɗe ba ya mai da ɓarawo baƙo.

In an cuce ka, kada kunya ta rufe maka baki. Ka ajiye hoton tallan da saƙon MoMo, ka kira 292, lambar hukumar tsaron intanet ta Ghana, domin wanda ya yi maka gobe wani zai yi wa.

In kuwa kai ne mai tallan, ka buɗe shi yau ka karanta kamar mahaifiyarka ce za ta saya. Aibin da ka sani, ka sa shi a layin farko, ka ɗauki hotonsa. Mai yiwuwa farashi ya sauka, kayan su yi mako biyu ba mai taya. Akwai kuma wanda ka riga ka sayar wa. Littafin Firistoci 6:1-5 ya umarci wanda ya zambaci maƙwabcinsa ya mayar da abin duka, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, kafin a yi zancen gafara a bagade. Lambar mutumin tana nan cikin saƙon da kuɗinsa ya shigo maka. Ka kira shi kafin Lahadi.